Rigar Baba Ba Ta da Aljihu

Telan layinmu ya yi kusan shekara arba'in yana ɗinka wa mahaifina kaya, kuma sau ɗaya tak ya taɓa sa masa aljihu bisa kuskure. Ranar da Baba ya fara kai masa yadi, tun ba a haife ni ba, ya ce a yi masa riga da wando, amma ban da aljihu, ba na ƙirji ba na gefe. Tela ya zaci wasa ne, ya sa masa ɗan ƙarami guda a ƙirji, wai ko biro ya riƙa maƙalawa. Da Baba ya zo karɓa ya gani, bai yi faɗa ba. Reza ya ara, ya zauna a kan bencin shagon ya farke aljihun zare bayan zare, ya miƙa wa tela ƙyallen ya ce, "Ga naka, ni ga nawa." Daga ranar suka zama aminai.

Sana'ar Baba gyaran kwaɗo da yanka makulli. Mai Makulli kowa yake ce masa, har Mama idan ta so tsokanarsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne, an matse shi tsakanin mai gyaran takalma da wani kantin kayan masarufi. In mutum biyu suka shiga, dole ɗaya ya yi gefe. Akwai teburin katako da ya sha mai har ya yi baƙi, da injin yanka makulli an ɗaure shi a kai, da allo a bango cike da makullan da ba a yanka ba tukuna, kowane iri da ƙusarsa. Garin ƙarfe mai ruwan zinare yakan taru a ƙarƙashin injin, kuma ina ƙarama na ɗauka zinaren gaske muke sharewa muna zubarwa.

Ya iya aikinsa, wannan ko mai ƙinsa ba ya musu. Kwaɗon da ya gagari kowa, zai sa kunne kusa da shi, ya zura siririyar waya, ka ji ƙas ya buɗe. Amma ba ya yanka wa kowa makulli sai ya ga kwaɗon da idonsa, ko ya san ƙofar. In ka kawo masa sabulu da shatin makulli a jiki ka ce ya fitar maka da irinsa, zai miƙa maka sabulunka ya ce ka je ka yi wanka.

In kuwa gida aka kira shi, ƙofa ta ƙi buɗuwa ko makullin durowa ya ɓata, yana da tsarin da ba ya saɓawa. A bakin ƙofa zai ajiye akwatinsa na ƙarfe ya buɗe, ya ce wa mai gida ya duba abin da ya shigo da shi. Ba ya shiga ɗaki shi kaɗai, sai wani ya tsaya a kansa, ko da tsohuwa ce mai gyangyaɗi. In ba aiki hannuwansa suke yi ba, suna bayansa, ɗaya riƙe da ɗaya. In ya gama, a bakin ƙofar dai zai sake buɗe akwatin, sannan ya ware tafukan hannunsa biyu a gaban mai gida, ya juya bayansu, ya sake juyo cikinsu. Ba wanda yake dubawa. Dariya ake yi a ce, "Haba Mai Makulli, kai da muka sani?" Sai ya ce, "Ai shi ya sa. Ku ci gaba da sanina." Mama kuwa cewa take yi ta fi duk matan layin sa'a, don ta auri mutumin da ba shi da inda zai ɓoye mata komai.

Ina da shekara goma sha ɗaya na san dalili, kuma ba daga bakinsa ba. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta faɗa min wata rana ina taya ta shanya. Mahaifinsu kafinta ne, mutumin kirki da ake ba ajiya, har ya haura hamsin. Sai kawai ya fara ɗauke-ɗauke. Takalmin wani a bakin ƙofa, murfin tukunya, igiyar guga, abubuwan da ko kyauta aka ba shi ba zai yi amfani da su ba. An yi masa nasiha, an yi masa faɗa, an rufa masa asiri har aka gaji. Ƙarshe ya tura keken wani daga bakin kasuwa da rana tsaka, aka taru aka yi masa dukan kawo wuƙa, Baba yana ɗan shekara sha biyar yana tsaye yana kallo. Aka kai shi gidan yari, can ya mutu. Wansu ma, babban ɗan gidan, da ya kai wajen shekarun nan haka ya koma, har ya bar garin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. "A jininmu yake," in ji Gwaggo, tana matse zane kamar shi ya yi mata laifi. "Ki riƙa kula da hannunki."

Ba sai na kula ba, Baba yana kula min. Kullum na dawo daga makaranta sai na juye jakata a kan tabarma kafin in sha ruwa. Littattafai, biro, gorar ruwa, yana taɓa kowanne da yatsa ɗaya. Bai taɓa dukana ba, in faɗi gaskiya, kuma da ya doke ni da ya fi min sauƙi. Akwai ranar da ƙawata ta ba ni wani jan fensir mai ƙyalli. Ya gan shi, na ce kyauta aka ba ni. Ya ce to, mu je mu yi godiya. Ya rufe shago da rana tsaka, ya sa ni gaba har gidansu, ya yi sallama, ya tambayi uwar yarinyar a gabana ko da saninta 'yarta ta ba ni. Matar ta ce ƙwarai kuwa, tana kallona da tausayi. Wannan tausayin ne ya fi min komai ciwo, kuma washegari duk ajinmu sun ji. A hanyar dawowa ya saya min alawa, na riƙe ta a hannu har ta narke ban sha ba. Ya ce, "Wata rana za ki gane." Na ce a raina ba zan taɓa ganewa ba, kuma na riƙe alkawarin nan shekara ashirin da biyar.

Na girma, na zama malamar firamare, na yi aure, na haifi 'ya mace. Tsakanina da Baba gaisuwa ce da ladabi, ba hira. Ina girmama shi yadda duk layin yake girmama shi, wato daga nesa. Shi ne mutumin da ake bar wa makullin gida in za a yi tafiya, kuma ni kaɗai ce a unguwar nake ganin wannan yabo kamar da fatar bayana aka saye shi.

Yana da shekara hamsin da takwas abin ya fara, kuma ba da hannu ya fara ba. Mama ce ta soma lura. Mutumin da ba ya wuce kowa bai gaisa ba ya koma wucewa kamar bai ga mutane ba. Mutumin da shayinsa cokali ɗaya na sukari ne ya koma zuba biyar, har ta kama shi yana kamfatar sukarin da hannu daga gwangwani. Aka yi rasuwa a maƙwabta, ya je gaisuwa, ana cikin jimami ya tambayi ɗan mamacin ko za su sayar da fankar ɗakin. Muka ce tsufa ne, ko gajiya. Mama ta ce maza dama in sun tsufa yara suke komawa, nata dai ya yi saurin farawa ne.

Sai ya dawo gida da cokali a hannu, ba namu ba. Mama ta tambaye shi, ya kalli cokalin ya ce, "Can na gan shi." Washegari murfin buta, bayan kwana biyu silifas ƙafa ɗaya, sai gwangwanin madara daga kantin da yake jikin shagonsa. Duk a hannu yake shigowa da su, a fili, ya ajiye a kan taga ya manta da su. Mama ta riƙa bi tana mayarwa a ɓoye, tana cewa ya ɗauko ne bisa kuskure. Wata huɗu tana wannan wahala ba ta faɗa min ba.

Wata ranar Talata ina cikin aji, mai kanti ya kira ni a waya ya ce in je ofishin 'yan sanda. Wata mata ce, wadda Baba ya shekara ashirin yana gyara wa ƙofofi, ta kira shi ya canja mata kwaɗon ɗakin ajiya. Saboda sabo ta bar shi ta shiga kicin, shi kuma bai ce ta tsaya ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya gama aikin tsaf. Sannan ya sauke agogon bangon falonta, ya rungume shi a ƙirji, ya fita ta ƙofar gaba, ya bar akwatin aikinsa a can. Masu gadin layin suka tare shi a bakin titi.

Na same shi zaune a kan benci a bayan kanta, ba takalmi, agogon yana kan teburin ɗan sanda yana ta tafiya abinsa. Matar tana gefe tana kuka, tana cewa ita ba agogon ne ya dame ta ba. Wani dattijo da ya zo nasa sha'anin ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce da na kusa da shi, ba ma a hankali ba, "Ai ɗan kafinta ne. Ya ma yi ƙoƙari da ya kawo yanzu."

Ni dama ba ni da linzami a baki in raina ya ɓaci, kowa ya sani. Amma abin da ya tunzura ni ranar ba agogo ba ne, ba kuma maganar dattijon ba. Fuskar Baba ce. Ba kunya, ba tsoro, ba komai. Na tsaya a gabansa na ce, "Baba, ashe duk shekarun da kake juye min jaka, kanka kake nema? Ka kai ni gidan mutane ka tozarta ni a kan fensir, kai kuma ga ka da agogon bango? Gwaggo ta yi gaskiya. Ɗan ɓarawo ne kai, kuma ɓarawo." Da ƙarfi na faɗa, a gaban 'yan sanda, a gaban matar, a gaban Mama da ta shigo a daidai lokacin. Baba ya ɗago ya kalle ni. Na jira ya mare ni, ko ya yi kuka. Ya ce, "Akwai sukari a gida?"

Matar ta janye ƙara, aka sake shi da yamma. Na yi mako uku ban taka gidanmu ba.

Tela ne ya tare ni a hanya. Shi ma ya tsufa, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo rataye a wuya. Ya ce in shigo in zauna, a kan bencin nan dai. Ya ce, "'Yata, an ce kin yi wa babanki magana." Na ce na yi, kuma ba ƙarya na faɗa ba. Ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa har ya kai ƙarshen ɗinkin, sannan ya tsaya.

"Ni ban yi boko ba," in ji shi, "amma na san ɓarayi, na ɗinka wa da yawa kaya. Ɓarawo aljihu yake fara nema, mai zurfi, har na ciki yake cewa a sa masa. Babanki makon jiya ya kawo min yadi. Magana ma ba ya yi sosai yanzu, amma da nake auna shi sai da ya dafa ƙirji ya girgiza min kai. Mutumin da ya iya buɗe kowace ƙofa a garin nan ba a ji motsinsa ba, shi ne zai rungumi agogo ya bi tsakiyar titi da rana? Wannan ba sata ba ce. Ban san sunanta ba, amma ku kai shi asibiti."

Na fito ina jin haushinsa, don ya faɗi abin da ni ya kamata in fara gani.

Sai da muka bi asibiti uku kafin a tura mu wurin likitar ƙwaƙwalwa. Mace ce marar gaggawa. Ta tambayi Baba yau wace rana ce, ya faɗa. Ta sa ya zana mata gida, ya zana har da ƙofa da kwaɗo. Na fara cewa a raina ga shi nan, lafiyarsa ƙalau, hali ne kawai. Sai ta ajiye biro a gabansa ta ce, "Baba, kada ka taɓa wannan." Ya ce to. Bakinsa bai gama rufewa ba hannunsa ya ɗauka.

Ta ce, "Me na ce maka?"

Ya ce, "Kin ce kada in taɓa." Yana faɗa yana riƙe da shi.

Ta juyo ta tambaye ni, "In ya ɗauki abu, yana ɓoyewa?" Na ce a'a, shi ko aljihu ba shi da shi.

Aka shigar da shi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wata doguwar aba mai ƙara kamar injin niƙa. Bayan mako guda likita ta kira mu ni da Mama, ta juyo mana allon kwamfuta. Ta nuna mana gaban ƙwaƙwalwar, daidai bayan goshi, inda ya kamata ya cika amma ya motse, ya bar baƙin fili a gefe da gefe. Ta ce nan ne birkin mutum. Kowa idonsa yakan ga abu ya so, ita da ni da kowa; wurin nan ne yake cewa hannu ya tsaya, kuma shi ne yake kawo kunya in an yi ba daidai ba. Na Baba yana lalacewa a hankali, tun kafin mu lura. "Ya san ba kyau," in ji ta. "In kin tambaye shi zai faɗa miki. Sanin ne ba ya isa hannun."

Mama ta tambaya ko akwai magani. Likita ta ce akwai abin da zai rage masa wasu wahalhalu, amma babu wanda zai dawo da abin da ya tafi, kuma ciwon gaba zai ci. Sannan ta ɗauki biro ta ce, "A danginsa akwai wanda halinsa ya taɓa canjawa haka da girma?" Muka kalli juna ni da Mama. Na ba ta labarin kafinta da igiyar guga, da wan Baba da ya ɓace. Ta rubuta.

Na ce, "To ashe dai mutane sun yi gaskiya. A jini yake."

Ta ce, "Ba zan iya rantse miki a kan kakanki ba, ba wanda ya duba kansa. Amma irin wannan ciwo yakan bi dangi a wasu gidaje. In ma haka ne, ciwo aka gada, ba sata ba. Kuma ba kowane ɗa yake ɗauka ba." Ta ce in ina so akwai gwajin jini da za a iya yi min, in je in yi tunani, ba abin gaggawa ba ne.

Da na kai wa Gwaggo labarin, na zaci za ta ji sanyi. Zama ta yi a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Shekara biyu mahaifinsu ya yi a gidan yari kafin ya mutu, kuma cikinsu ba wanda ya taɓa kai masa ko ruwa. Baba ko sunansa bai sake kira ba. "Ashe marar lafiya muka bari aka daka," ta ce. Ta yi ta maimaitawa har na tashi na bar ta.

Ni kuma na ɗauki takardar likita na bi layinmu gida gida, ni da ban iya lallashi ba. Wasu sun yarda, matar agogon har ta zo duba shi da lemo. Wasu suka ce to, Allah ya ba shi lafiya, da irin muryar da take nufin ba su yarda ba. Mai gyaran takalma, maƙwabcin shagonsa na shekara da shekaru, cewa ya yi, "Zamani ke nan, yanzu sata ma asibiti ake kai ta." Na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Aka rufe shagon. Injin yana ɗakin Mama, an lulluɓe shi da tsohon zane.

Amma mutum ɗaya ne nake so ya ji, kuma shi ne ba ya ji. Na zauna kusa da shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Nakan ce, "Baba, likita ta ce ba kai ba ne, ciwo ne. Kai ba ɓarawo ba ne, babanka ma wataƙila ba ɓarawo ba ne. Abin da na faɗa a ofishin 'yan sanda, don Allah ka yafe min." Yakan kalli bakina har in gama, sannan ya miƙa hannu ya ɗauke wayata daga cinyata. Likita ta ce kada in kashe kaina da damuwa, wataƙila wurin da zai ji zafin maganata ya riga ya lalace tun kafin in faɗe ta. Wannan ya kamata ya sanyaya min rai, amma bai sanyaya ba, don wurin da zai ji ban haƙurin ma shi ne. Mutum ya shekara arba'in da wani abu yana gadin hannunsa, ga takarda ta fito cewa ba shi da laifi, kuma ba inda za a kai masa ita.

Gwajin jinin ban yi ba har yau. Wata rana 'yata ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka a kan kujera, sai na ga hannuna ya kai kan zif ɗin jakar. Na janye shi na zauna a kansa. A lokacin ne na gane, kamar yadda Baba ya ce zan gane. Ba zargina yake yi ba, tsoro yake ji, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

A shekara ta biyu maganarsa ta kusan ƙarewa, ga shi da son fita. Sau biyu ana tsinto shi a nesa, bai iya faɗin inda yake zaune ba. Likita ta ce a rubuta sunansa da lambar wayata da bayanin ciwonsa a kati, ya riƙa yawo da shi. In muka ba shi a hannu ya yar, in muka rataya masa a wuya ya tsinke. Sai na kai wa tela yadi na ce wannan karon a sa aljihu, guda ɗaya, a ƙirji, mai maɓalli. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Kin tabbata, 'yata?" Na ce Baba ko ni bai san wace ce ba yanzu, balle aljihu. Ya ɗinka, ranar bai yi min hira ba.

Da safe bayan Mama ta yi masa wanka, na sa masa rigar, na zura katin, na ɓalla maɓallin. Ya zauna yana kallon taga. Can hannunsa ya hau ƙirjinsa, yadda yake bin duk abin da ya samu, yatsunsa suka ci karo da bakin aljihun. Sai ya sandare. Ya miƙe tsaye, ya kama aljihun yana ja, numfashinsa yana fita da sauri, idonsa a kan ƙofa kamar ana zuwa. Wata bakwai ke nan ba mu ji ya haɗa kalma uku ba. Ya ce, "Cire. Cire shi. Za a ce..." Bai ƙarasa ba. Hawaye ne suke zuba, shi da aka ce kunya ta riga ta bar shi.

Na ruga na ɗauko reza. Ban tsaya cire masa rigar ba, na zaunar da shi na durƙusa a gabansa, na riƙa farke ɗinkin zare bayan zare, ina cewa, "Ba za a ce ba, Baba. Ba wanda zai ce. Ni ce na faɗa, kuma ƙarya na yi." Ban san ko ya ji ba. Da ƙyallen ya fita na nuna masa, ya shafa wurin ya ji ba komai, numfashinsa ya sauka. Sannan ya ware min tafukan hannunsa biyu, ya juya bayansu, ya sake juyo cikinsu, ya tsaya yana jira.

Na duba. Na duba sosai, yatsa bayan yatsa, yadda ya so a yi masa duk tsawon rayuwarsa ba wanda ya yarda ya yi. Na ce, "Na gani, Mai Makulli. Ba komai a hannunka. Kana iya wucewa."

Katin yanzu a waje yake. Tela ya ɗinke shi a kan ƙirjin kowace riga, inda kowa zai gani.